Mene ne 301, lambar da ke hana sabon sit ɓacewa daga Google?

Duk wanda ya ba da aikin sake fasalin shafinsa na intanet, wato sit kamar yadda muke cewa a nan Maraɗi, akwai tambaya guda da ya kamata ya yi kafin ya biya cikon kuɗin aiki: an sa 301? Idan mai aikin ya ɗaga kai ya ce an sa, ga jerin nan, to da sauƙi. Idan kuwa ya yi shiru yana sosa ƙeya, a dakata da buɗe sabon sit ɗin tukuna, komai kyansa.

Asalin lambar ba wani abin ban tsoro ba ne. Duk sa'ad da ka latsa wani adireshi a wayarka, burauzarka, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome, tana aika tambaya ga sabar, wato kwamfutar da aka ajiye sit ɗin a cikinta. Kafin sabar ta miƙo shafin, sai ta fara amsawa da lamba mai alƙaluma uku. 200 na nufin ga shi, lafiya lau. 404, wadda kowa ya taɓa cin karo da ita, na nufin an duba ba a samu ba. 500 na nufin ita sabar ce ta rikice. Lambobin da suka fara da 3 kuwa galibi cewa suke yi abin da kake nema ba ya nan, amma ga inda yake. A cikinsu 301 ita ce mai cewa shafin ya tashi daga nan har abada, kuma tana haɗo sabon adireshin a cikin amsar. Burauza ba ta shawara da kai, sai dai ta wuce can kai tsaye, kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa mutum zai shekara yana bi ta kan 301 kullum bai taɓa ganinta ba. Tana cikin ƙa'idojin HTTP, wato tsarin da burauza da sabar ke magana da shi, da aka rubuta tun 1996, shekara biyu kafin a kafa kamfanin Google.

To me ya haɗa ta da samun mutum a Google? Abin da masu sit da yawa ba su gane ba shi ne, Google bai san sit da kamanninsa ba, da adireshi ya san shi. Yana da manhaja mai suna Googlebot da ke yawo dare da rana tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, tana karanta abin da ke ciki tana zubawa a kundi. Kowane shafi da nasa adireshin, kuma duk martabar da shafin ya tara a kan wannan adireshin take rataye: shekarun da ya yi, wasu sit ɗin da suka nuna shi, tambayoyin da aka ga yana amsawa. Dabarar da Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, suka fara da ita a jami'ar Stanford ke nan, wadda suka kira PageRank. Idan wani shafi ya sa mahaɗi zuwa naka, ana lissafa shi tamkar ya yi maka shaida. Abubuwa sun ƙaru ƙwarai tun lokacin, amma har gobe shaidar ga adireshi ake ba ta.

Ɗan kasuwar Maraɗi ya fi kowa sanin wannan, ko da bai taɓa jin sunan 301 ba. Alhaji zai canza waya sau nawa, daga ƙarama mai maɓalli zuwa babba mai gilashi, amma lambarsa ba ya wasa da ita, don ita ce ke hannun abokan cinikinsa na Kano da Katsina da Kwatano. Sake fasalin sit sabuwar waya ce. Canza adireshin shafuka kuwa canza lamba ne, 301 kuma ita ce tsarin da ke karkatar da kiran tsohuwar lamba zuwa sabuwa.

A ɗauki kamfanin da ke sayar da aya da riɗi da wake. Shekara da shekaru shafinsa na aya yana zaune a adireshin da ya ƙare da /kaya/aya.html. Shafin ba shi da wani kyau, rubutu ne da hoto guda, amma idan mai saye daga Legas ya nemi ayar Maraɗi a Google yakan fito. Sai aka kawo matashi ya sake ginin da WordPress, wata manhajar gina sit, ya sa launuka da hotuna masu motsi, shafin ayar ya koma /produits/souchet/. Ranar buɗewa kowa ya yaba. Amma Google har yanzu tsohon adireshin ne a kundinsa. Mai saye ya latsa, sabar ta ce 404, ya koma baya ya latsa na ƙasa da shi, wanda na wani kamfani ne. Googlebot ma ya zo ya tarar da 404, ya sake dawowa ya tarar da ita, daga nan ya cire shafin daga kundi. Sabon adireshin kuwa baƙo ne, ba wanda ya taɓa yi masa shaida, sai ya fara daga tushe. Ba Google kaɗai ba ma. Tsohon adireshin yana cikin saƙonnin WhatsApp da aka yi ta turawa, yana ƙarƙashin tsofaffin tallace-tallace a Facebook, wataƙila an buga shi a katin kamfani ko a jikin buhu. Duk waɗannan sun mutu a dare ɗaya. Garin neman gira an rasa ido.

Maganin layi guda ne. A sabar da ke aiki da manhajar Apache, akwai fayil mai suna .htaccess, a ciki ake rubuta:

Redirect 301 /kaya/aya.html /produits/souchet/

Shi ke nan. Mai WordPress da ba ya son taɓa fayil yana iya sa ƙarin manhaja irin su Redirection, ya cika gurbi biyu, tsoho da sabo. Rubuta layin ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce sanin layuka nawa za a rubuta, kuma a nan ne ake gane mai aiki na ƙwarai.

Kafin a taɓa tsohon sit, sai an zauna an fitar da jerin duk adireshin da ke cikinsa. Ana samunsu a taswirar sit ɗin, fayil ɗin da ake kira sitemap.xml, da kuma Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai sit kyauta shafukan da ya sani da waɗanda mutane suka fi shigowa ta kansu. Akwai kuma manhajoji irin Screaming Frog da ke zagaye sit su tattaro adireshi, har 500 ba tare da biyan ko dala ba, wanda ya ishi yawancin sit ɗin garin nan. Sai a ja layi a tsakiyar takarda, tsoho a hagu, sabo a dama. Shafin aya ya tafi shafin aya, na riɗi ya tafi na riɗi, na lambar waya da kwatancen ofis ya tafi takwaransa. Aiki ne mai gundura, ba ya fitowa a hoto, ba wanda zai ce kai, wannan yaro ya iya. Don haka ake tsallake shi.

Akan ji irin wannan zance a ofis:

"Alhaji, an gama. Duk tsofaffin na tura su shafin farko, ba wanda zai ga 404."

"Madalla, ɗana, Allah shi yi albarka."

Alhaji ya yi murna, amma an yi masa aikin ganin ido ne. Wanda ya zo neman farashin riɗi aka jefa shi shafin maraba, dole ya sake lalube, kuma yawanci ba ya tsayawa. Google ma ya faɗa a bayanansa cewa tura tarin shafuka zuwa wurin da bai dace da su ba yana iya ɗaukarsa a matsayin 404 da aka lulluɓe. Idan shafi ba shi da magaji, misali sanarwar wani taro da ya wuce tuntuni, gara a bar shi ya ba da 404, ko 410 mai cewa an cire shi da gangan. Wannan ba laifi ba ne, kuma ba ya jawo wa sauran shafuka hukunci.

Ni a ganina ma, 301 mafi kyau ita ce wadda ba a buƙace ta ba. Idan tsohon adireshi ba shi da aibu, a bar shi yadda yake, a canza fuska kawai. Sau da yawa ba wani dalili ne ke sa a canza ba illa sabon tsarin haka ya zo da nasa, mai aikin kuma bai ga abin damuwa ba.

301 tana da ƙanwa da ake yawan rikita su, 302. Ita cewa take yi shafin ya ɗan matsa ne, zai dawo. Ga mai karatu duk ɗaya ne, ya isa inda za shi. Ga Google kuwa da bambanci: 301 alama ce mai ƙarfi cewa a ɗauki sabon adireshi a saki tsoho, 302 kuma takan sa ya ci gaba da riƙe tsohon. Akwai 307 da 308, kusan maimaicin waɗannan biyun ne da ɗan bambancin da bai shafi mai sit ba. Abu ɗaya dai a kiyaye: burauza tana haddace 301. Idan aka yi kuskure aka tura shafi inda bai kamata ba, ko an gyara a sabar, wayar da ta riga ta bi ta nan tana iya ci gaba da zuwa wurin kuskuren. Don haka masu hankali kan gwada da 302 tukuna, in sun tabbata su mayar 301. A da ana ta jin tsoron cewa kowace turawa tana zaftare wani kaso na martabar shafi, amma a 2016 Google ya ce ba ta zaftarewa.

Wani tarkon shi ne sarƙa. Sit ɗin da aka sake wa fasali sau biyu ko uku, sai ka ga adireshin farko yana tura na biyu, na biyu yana tura na uku. Googlebot yana bin har tsalle 10 kafin ya haƙura, amma mutum ba ya da wannan haƙurin. Kowane tsalle tafiya ce da dawowa tsakanin waya da sabar da galibi tana Turai ko Amurka, kuma wanda ke Dakoro ko Mayahi da rezo sanda ɗaya yana jin kowane ɗaya a jikinsa. A gyara jerin, kowane tsohon adireshi ya tafi na ƙarshe kai tsaye. Haka nan kowane sit yana da ƙofa huɗu ko mai shi bai sani ba: da www da babu, da http da https. A zaɓi ɗaya, lallai mai https, tunda Chrome tun Yulin 2018 yake yi wa mai http tambarin rashin tsaro, sauran ukun a tura su can da 301.

Idan har sunan sit ɗin ne gaba ɗaya zai canza, a ce daga .com zuwa .ne na Nijar, to nan abin ya fi nauyi. Search Console yana da wurin sanar da canjin adireshi, a yi amfani da shi. Google ya ba da shawarar a bar turawar aƙalla shekara guda. Ma'anar wannan a aljihu ita ce dole a ci gaba da biyan kuɗin tsohon sunan, don ranar da ya faɗi, 301 ta faɗi tare da shi, wani ma yana iya saye shi. A nan ne wasu ke gano cewa tun farko da sunan yaron da ya gina sit ɗin aka yi rajista, shi kuma ya tafi Yamai ko ya canza lamba. Mai kamfani ya tabbata sunan sit da asusun Search Console suna hannunsa tun ana ga maciji.

Sai dai 301 ba ta warkar da kowace cuta. Lokacin gini, masu aiki kan rufe sabon sit don kada Google ya ga aikin da bai kammala ba. A WordPress ɗan akwati ne a cikin saituna da ake latsawa, wanda ke sa wa shafuka alamar noindex, wato kada Google ya sa su a kundi. Wasu kuma a fayil ɗin robots.txt suke rubuta Disallow: / su hana Googlebot shiga ko'ina. Idan aka buɗe sit aka manta da wannan, 301 za ta yi aikinta tsaf, ta rako Google har ƙofar da aka rubuta masa kada ya shiga. Haka kuma idan tsohon shafi yana da bayani mai yawa, irin ayar, nauyin buhu, yadda ake lodi, sabon kuma hotuna ne zalla da kalma biyar, martabar da aka tura ba za ta zauna ba, don abin da ya jawo ta ya tafi. Kuma fasalin waya Google ke dubawa yanzu wajen cika kundinsa, saboda haka abin da aka cire daga fasalin waya don a rage cunkoso tamkar babu shi ne.

Ranar buɗewa, a ɗauki jerin nan a bi tsofaffin adireshin ɗaya-ɗaya, a waya, da rezon da abokan ciniki ke amfani da shi, ba da wifin ofis ba. A miƙa sabuwar taswira a Search Console, a riƙa leƙa rahoton 404 a makonnin farko, duk wanda ya ɓullo a ƙara masa layi. Ko an yi komai daidai, matsayi a Google yakan yi hawa da sauka na ɗan lokaci kafin ya daidaita, ƙaramin sit makonni kaɗan, babba fiye da haka. Saboda wannan ne zaɓen lokaci ke da muhimmanci. Makaranta mai zaman kanta kada ta sauya sit a Satumba iyaye na neman wurin rajista, mai sayar da amfanin gona kada ya sauya da kaka, mai ɗinki da mai shadda su bari sai bayan salla.