Wane ne "mento" a harkar rubutu?

Kalmar mento ta yi yawa a bakin matasan marubuta, musamman waɗanda ke sakin labarinsu shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook. Daga Turanci aka aro ta, kuma abin da ake nufi shi ne jagora: marubucin da ya riga ka nisa, ya yarda ya riƙa duba rubutunka na tsawon lokaci, yana nuna maka inda ka kauce. Mata marubuta sukan ce "uwar ɗakina", maza su ce "ubangidana" ko "malamina".

Sai dai ba duk mai koyarwa ne jagora ba. Malamin aji yana magana da mutum hamsin a lokaci guda, darasinsa ɗaya ne ga kowa. Edita kuwa littafi ɗaya ne a gabansa, ya gyara, a biya shi, a rabu. Jagora kai ya sani. Ya san cewa duk babin da ka buɗe sai tauraruwar labari ta tashi daga barci, ta yi wanka, ta zauna gaban madubi, an ɓata shafi biyu ana lissafa atamfa da turare kafin wani abu ya faru. Shi ne zai ce maka, "Yanke wannan duka, fara daga inda kishiyar ta turo ƙofa." Ya san har yanzu kana haɗe "ya ce" kana raba "yana", kana rubuta "motar sa" maimakon "motarsa", kana barin ƙ da ɗ da ɓ ba ƙugiya. Wata uku bayan haka, in ka koma gidan jiya, zai tuna maka.

Abin ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Bayan gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda Abubakar Imam ya yi fice a cikinta yana malamin makaranta a Katsina, Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, ya jawo shi Zariya, suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, har Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Daga baya, lokacin da littattafan Kano suka bunƙasa, ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ta zama matattarar da sabon marubuci ke raɓar na gaba da shi. Haka ma zaman karatu na rassan ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda Chinua Achebe ya assasa a 1981, inda mutum ke karanta aikinsa a gaban jama'a a yi masa fiɗa. Abin da intanet ya canza shi ne nisa. Yarinya a Maraɗi ko Gusau tana iya samun mai duba mata labari a Kaduna ba tare da ta taka tasha ba.

To, ta ina ake samun jagora? Kwasa-kwasan intanet iri biyu ne. Akwai na manyan dandali irin Coursera, bidiyo ne da aka naɗa tun tuni, yawanci da Turanci. Za ka ƙaru, amma malamin bai san da zamanka ba. Akwai kuma azuzuwan WhatsApp da Telegram da marubutanmu ke buɗewa, a yi mako ɗaya ko biyu ana turo darasi da saƙon murya, a ƙarshe a raba takardar shaida. A ganina takardar ba ta da wani amfani. Amfanin ajin shi ne ka ga yadda malamin ke gyara aikin ɗalibai. In ya ɗauki sakin layi guda ya warware shi jimla-jimla, ya faɗi dalili, to wannan a riƙe shi. In kuwa duk abin da aka turo sai ya ce "ma sha Allah, ya yi kyau", a wuce.

Zaurukan marubuta ma haka suke. Yawancinsu yabo ne ya cika su: "Allah ya ƙara basira, Anti, muna jiran ci gaba." Yabon yana da daɗi, ba ya gyara komai. Wanda ake nema shi ne mutumin nan da ba ya yawan magana, amma in ya yi sai ka koma ka sake karanta abin da ka rubuta. Lokacin gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta faro a 2016 domin mata marubuta, irin waɗannan mutane sukan bayyana, don a lokacin ne kowa ke neman mai duba masa gajeren labari.

Kuma ba a fara da "don Allah ka zama mentona". Wannan nauyi ne babba a ɗora wa wanda bai san ka ba, shi ya sa akasari ba a samun amsa. A yi sallama, a faɗi inda aka haɗu, a turo shafi biyu ko uku da tambaya guda: "Malam, hirar nan tsakanin uwa da 'yarta ta yi kama da maganar mutane kuwa?" In ya amsa, a yi gyaran a dawo masa da shi. Dawowar nan ita ke sa ya ɗauke ka da gaske.

Akwai wuraren taka tsantsan. Kada a tura cikakken littafi ga wanda ba a sani ba, don satar labari ba sabon abu ba ne a zaurukan nan. In kuɗi ya shigo, a yi magana ƙarara: nawa ne, shafi nawa za a duba, zuwa yaushe. Mace kuma ta lura da "malamin" da gyaransa ba ya tashi sai tsakar dare, a saƙon sirri. Sannan akwai jagoran da ke son kowane ɗalibi ya koma rubutu irin nasa, har karin maganar da yake so sai ka same ta a littattafansu duka. In ya gyara maka ƙa'idar rubutu, karɓa ba musu. In ya ce a canza ƙarshen labari, kana da damar tambayar dalili, kana kuma da damar barin abinka yadda yake.