Nadifa Mohamed: Yadda aikin jirgin ruwa na mahaifinta ya shiga alƙalaminta

Wace ce ita?

Marubuciya ce 'yar asalin Somaliya. An haife ta a Hargeisa a 1981, iyayenta suka koma Landan da ita a 1986. Zaman wucin gadi suka yi niyya, sai yaƙi ya ɓarke a gida, komawa ta gagara. Mahaifinta, Jama, ya daɗe yana aiki a jiragen ruwan 'yan kasuwa na Birtaniya.

Me ya haɗa Somaliyawa da jiragen Turawa?

Kwal ne. A 1839 Birtaniya ta kama Aden, tashar jiragen ruwa da ke Yaman, inda a zamanin jirage ke tsayawa su sha kwal, kuma da aka buɗe mashigin Suez a 1869 zirga-zirga ta ƙaru. A nan ake ɗaukar samarin Somaliya da Yaman, a tura su can ƙasan jirgi su riƙa zuba kwal a wuta. Aiki ne na zafi da gumi, ga lada kaɗan. Da yawansu sun sauka a Cardiff, birnin da ke yankin Wales na Birtaniya, suka zauna a unguwar bakin tasha da ake kira Tiger Bay, wasu suka auri 'yan garin.

Ina mahaifin ya fito a rubutunta?

Littafinta na farko, Black Mamba Boy na 2010, rayuwarsa ce kai tsaye. Ta zaunar da tsohon, ta saurare shi, ta rubuta. Yaro ne da ke gararamba a titunan Aden, mahaifiyarsa ta rasu, ya tashi neman ubansa. Tafiyar ta bi da shi Eritiriya lokacin mulkin Italiya, ta kai shi Sudan da Masar da Falasɗinu, kafin ya sami aikin jirgi ya isa Birtaniya. A ganina, ƙarfin littafin shi ne ta ɗauki talakan da ba mai tambayar sunansa, ta wasa shi kamar yadda maroƙi ke wasa basarake.

Shin a kan danginta kaɗai ta tsaya?

A'a. The Fortune Men na 2021 labarin Mahmood Mattan ne, wani ma'aikacin jirgi Basomale wanda mahaifinta ya sani. An zarge shi da kashe Lily Volpert, wata mai kanti a Cardiff, aka rataye shi ranar 3 ga Satumba 1952, ya bar matarsa Laura da 'ya'ya maza uku. Shaidar da aka kafa a kansa ba ta da ƙwari, har lauyan da ke kare shi ma sai da ya muzanta shi a gaban kotu. Sai a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, shekara 46 bayan an kashe shi.

Nadifa ba ta mai da shi waliyyi ba. Ta nuna shi da cacarsa da zafin kansa, ta kuma nuna yadda ya koma ga Allah a kurkuku. Ɗakunan haya na ma'aikatan jirgi, jiran aiki a bakin tasha, cakuɗuwar harsuna a unguwa ɗaya, duk ta rubuta su kamar wadda ta ji su daga bakin mai su.

An karɓi littafin kuwa?

Ƙwarai. Ya shiga jerin littattafai shida na ƙarshe a Booker ta 2021, babbar gasar littattafan ƙagaggun labarai na Turanci. A shekarar da ta biyo baya, 'yan sandan Kudancin Wales suka nemi afuwar iyalan Mattan.