Jinginar gida a banki: me ya sa takardar magajin gari ba ta isa ba?

A Damagaram da sannu ake gina gida. Mutum ya sayi fegi a bayan gari, ya ja katanga, bana ɗaki guda, baɗi in adashe ya zagayo kansa ya ƙara buhun siminti goma. Wanda ya gaji da wannan tafiyar hawainiya ya nufi banki neman bashin gini, da ya zauna za a ce masa: "Alhaji, ina takardar filin?" Sai ya zaro wadda ofishin magajin gari ya ba shi lokacin da aka yanka filaye. Ma'aikacin ya duba, ya mayar masa: "Titir fonsiye muke so." Wato takardar mallaka da ake samu bayan an yi wa fili rajista a kundin filaye na ƙasa. Da yawa sukan fito suna cewa wulaƙanci ne. Alhali doka ce ta ɗaure hannun bankin.

Dokar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ta ƙungiyar OHADA ce, wadda ƙasashe 17 suka haɗu a cikinta don dokokin kasuwancinsu su zama iri ɗaya, tun yarjejeniyar 1993. Kundinta na lamuni da jingina an fara zartar da shi a 1997, aka sabunta shi a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Sashe na 192 ya kafa ƙa'ida: fili ko gidan da aka yi wa rajista a kundin filaye na ƙasa shi ake iya jinginarwa. Takardar magajin gari tana nuna an yanka maka fegi. Takardar mai unguwa ko ta gargajiya tana nuna mutane sun san naka ne. Amma babu ɗayarsu da ke buɗe wa filin shafi a wancan kundi, kuma a shafin ne banki ke rubuta haƙƙinsa don kowa ya gani. Banki na iya karɓar takardarka ya kulle a akwati, sai dai riƙe takarda daban, jingina a idon doka daban.

Kalmar jingina ma tana ruɗa mu. A ƙauye in ka jinginar da gona, mai kuɗi ne zai riƙa nomanta har ka biya. A nan kuwa kana cikin gidanka da iyalinka, mabuɗi na aljihunka. Abin da banki ya samu biyu ne: in aka sayar da gidan saboda bashi, shi za a biya kafin masu binka da ba su da lamuni, in kuma ka sayar wa wani a ɓoye, haƙƙinsa na bin gidan duk hannun da ya faɗa. Ana rubuta yarjejeniyar gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ko hukumar da doka ta yarda da ita, ko a kan takardar da ofishin kundin filaye ya amince da tsarinta, sannan a shigar da ita kundi na wa'adin da bai wuce shekara 30 ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidajen gado, irin na unguwannin Birni da Zango, waɗanda kaka ya gina, jikoki ashirin ke da rabo. In duka magada suka sa hannu, jinginar na nan daram ko yaya rabon gado ya kaya. In ɗaya ne ya yi gaban kansa, ba ta da ƙarfi sai in gidan ya faɗo cikin kasonsa ranar rabo. Wane banki zai zuba miliyoyi ya zauna jiran wannan rana?

To me ya sa suka kafe haka? Kuɗin da ke hannun banki na masu ajiya ne, waɗanda ke iya zuwa gobe su ce a ba su abinsu, shi kuwa bashin gida yakan ɗauki shekara goma ko fiye. Don toshe wannan giɓi ne bankunan yankin UEMOA, wato ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, tare da bankin raya ƙasa na BOAD, suka kafa asusun CRRH a 2010, mai hedkwata a Lome. Asusun na ciwo bashi mai dogon wa'adi a kasuwar kuɗi ta yankin, ya miƙa wa bankunan da ke da hannun jari a cikinsa, bisa bashin gidajen da suka riga suka bayar. A 2017 Bankin Duniya ya ware dala miliyan 155 don wannan hanya ta kai ga masu ƙaramin ƙarfi. A matakin nahiya kuma akwai Shelter Afrique, cibiyar samar da kuɗin gina gidaje da ke Nairobi tun 1982, da ƙungiyar AUHF ta masu ba da bashin gidaje a Afirka, wadda aka kafa a 1984. Ita ba ta ba kowa rance, aikinta horar da mambobi da yi wa gwamnatoci matsin lamba su gyara dokoki. A gida kuma an buɗe Bankin Gidaje na Nijar a 2018. A ganina rijiyar ta yi ruwa, gugan ne gajere: tela ko mai sayar da fata a kasuwar Dole, wanda ba shi da albashin wata balle titir, da wuya ya ɗebo.

Nijar ta yi ƙoƙarin sauƙaƙa rajistar tun 2006 da tsarin da aka raɗa wa suna Sheda. Ana neman sa ta ofishin haraji, inda kundin filaye yake, kuma sai an auna filin an kafa masa iyaka. Wanda ke da niyyar cin bashi baɗi, bana ya kamata ya fara wannan zirga-zirga.

Saura tsoron da kowa ke ɓoyewa: in na kasa biya fa? Banki ba ya zuwa da kwado ya rufe ƙofa. Sai an kawo maka takardar umarnin biya ta hannun ma'aikacin shari'a, mai wa'adin kwana 20, kafin a kama hanyar gwanjo a gaban kotu, kuma abin da ya yi saura bayan an biya bashi naka ne. Sashe na 198 na kundin jinginar OHADA ya ba banki damar roƙon alƙali ya bar masa gidan a madadin kuɗinsa, amma ya hana hakan in gidan ne mazaunin mai jinginar. Sashe na 199 kuma ya yarda a rubuta tun farko cewa ginin zai koma na banki in an kasa biya, sai dai ga kamfani ko ɗan kasuwa mai rajista kawai, kuma a kan ginin da ba na kwana ba, kamar shago ko sito. In ka ga irin wannan sharaɗi a takardar bashin gidan da ƴaƴanka ke kwana, ka nuna wa notar sashen kafin ka sa hannu.