Tapas: yadda murfi ya zama sunan abinci

Idan kana yawan leƙa hotunan abinci a Instagram, ko tafiya ta taɓa kai ka Landan ko Dubai, da wuya ba ka ci karo da kalmar "tapas" a allon wani gidan abinci ba. Wani wurin ma sai a ƙara da cewa girkin Sifaniya ne da na ƙasashen Bahar Rum. Baƙo ya shiga da yunwarsa, ya ce a kawo masa tapas faranti ɗaya, mai hidima ya tsaya yana kallonsa. Ai kamar ka je tasha ne ka ce a sayar maka da ƙwalama. Wacce daga ciki? Gyaɗa ko awara ko ƙuli-ƙuli?

Kalmar ta Sifaniyanci ce. Tilonta "tapa", jam'inta "tapas", ma'anarta ta asali kuwa murfi. Ta fito ne daga "tapar", wato rufewa. Murfin tukunya tapa ne, bangon littafi ma haka suke ce masa. A fagen ci kuma, tapa ɗan abinci ne da bai wuce loma uku ko huɗu ba, wanda ake ajiye wa mutum a ƙaramin faranti tare da abin sha. Girman abincin da yadda ake cinsa su suka ba shi sunan. Zaitun shida a ɗan kwano tapa ne, yankan wainar ƙwai ma tapa ne.

To me ya haɗa murfi da abinci? Mutanen Sifaniya suna da hikayoyi a kan haka, kuma kusan kowacce sai an jawo sarki a ciki. Wata ta ce Sarki Alfonso na 10, wanda ya mulki Kastil, wata tsohuwar masarauta a Sifaniya, daga 1252 zuwa 1284, shi ne ya yi jinya, likitoci suka sa shi cin abinci kaɗan-kaɗan tare da ruwan inabi, da ya warke sai ya ba da umarni kada a sake ba kowa abin sha ba tare da ɗan abin taunawa ba. Wata kuma ta ce Alfonso na 13 ne ya tsaya a wata mashaya a bakin teku kusa da Cádiz, iska na kaɗawa, mai hidima ya ɗora yankan nama a bakin kofinsa don kada yashi ya shiga. Sarki ya cinye murfin, ya ce a ƙaro wani kofin da murfinsa. Labari ne mai daɗin ji. Ni dai wanda ya fi kwanta mini shi ne mafi sauƙinsu, wanda babu sarki a ciki: a kudancin ƙasar, yankin Andalus mai zafi, masu mashaya na rufe kofi da yankan burodi ko ɗan faranti saboda ƙuda da ƙura. Duk wanda ya taɓa kifa faifai a kan ƙwaryar fura ya san wannan dabarar. Daga baya wani ya ga faranti fayau bai yi kyau ba, ya ɗora zaitun a kai.

Abin da ya ba tapas gindin zama shi ne lokacin cin abinci a ƙasar. Ba su zama cin na rana sai wajen ƙarfe 2 ko 3, na dare kuma sai ƙarfe 9 ko 10. Har da laifin agogo a ciki, domin a 1940 gwamnatin Janar Franco ta tura shi gaba da awa ɗaya ya yi daidai da na tsakiyar Turai, kuma ba a mayar ba har yau. Wanda ya tashi daga aiki ƙarfe 7 na yamma yana da sauran jira kafin tukunya ta sauka. A wannan tsakanin ake fita "tapeo".

Tapeo ita ce kalmar da ya kamata mai son fahimtar tapas ya riƙe. Tana nufin yawon cin tapas. Abokai huɗu ko biyar su haɗu, su shiga shago na farko, su tsaya a bakin kanta, kowa da kofinsa, a ci abu ɗaya ko biyu, a biya, a ƙara gaba. Wannan shagon ya shahara da naman kaza gasasshe, na kusa da shi da soyayyen dankali, na ƙarshen layi da kifi. Ba a zama a cika ciki wuri guda. Akwai titunan da aka san su da wannan kaɗai: Calle Laurel a Logroño, Cava Baja a Madrid, unguwar El Tubo a Zaragoza, da Barrio Húmedo a León. Hayaniya kamar ranar kasuwa, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa ya kai hannu cikin faranti ɗaya. Wanda ya tashi a gidan da maza ke fito da kwanuka ƙofar gida bayan magariba a yi ciyayya ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai su a tsaye suke yi, kuma suna tafe.

A birnin Sevilla akwai wani tsohon wuri, El Rinconcillo, da aka kafa tun 1670. Ka tsaya a kantarsa ta katako ka nemi alayyafo da irin waken da Larabawa ke niƙawa da riɗi su yi abincin da ake kira hummus, a miƙo maka a ɗan kaskon ƙasa, yana ƙamshin tafarnuwa. Mai hidima ya zaro alli ya rubuta kuɗin a kan kantar, daidai gabanka. Ka ƙara wani abu, ya ƙara lamba a ƙasa. In ka gama ya haɗa lissafi, ka biya, ya sa tsumma ya goge, wani ya matso wurin.

Kowane yanki da al'adarsa. A Granada da Almería da Jaén da León, idan ka sayi abin sha, tapa kyauta ake ba ka. Gyara ce, irin wadda mai tumatir ke ƙara maka a kasuwa, sai dai wannan gyarar takan kai ƙaramin faranti na shinkafa ko kifi. Ka ƙara kofi na biyu a kawo wata daban, kuma a wurare da yawa mai shago ne ke zaɓa, ba kai ba. Ɗaliban jami'ar Granada sun daɗe suna raba dare da wannan gyarar. A Barcelona kuwa kada ka sa rai, komai da kuɗinsa. Can arewa, a ƙasar Basque, musamman San Sebastián, sunan ma ya canza, "pintxo" suke cewa, daga kalmar da ke nufin sokawa. Yankan burodi ne da aka ɗora wa abu aka soke da tsinke, a jere su reras a kan kanta. A wasu shagunan tsinkayen da ka bari a faranti ake ƙirgawa a san kuɗinka, don haka kada ka zubar.

Akwai kalmomi biyu da za ka gani a takardar jerin abinci, kuma su ne ke raba mutum da kuɗinsa in bai kula ba. "Ración" cikakken faranti ne na mutum uku ko huɗu, "media ración" rabinsa. Girki ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta.

Girke-girken da aka fi sani ba su da wuyar ganewa. Tortilla wainar ƙwai ce mai kauri da dankalin turawa a ciki, kuma gardamar a sa albasa ko kada a sa ta raba ƙasar gida biyu, ba ranar ƙarewa. Patatas bravas soyayyen dankali ne da miya mai ɗan yaji, wanda harshen da ya saba da attarugu zai ji kamar wasa. Gambas al ajillo jatan lande ne da ake kawowa yana tafarfasa cikin man zaitun da tafarnuwa, kuma daɗin yana cikin man, shi ya sa ake dangwala burodi har a ga ƙasan kasko. Akwai cukun Manchego na nonon tumaki, da burodin da aka goga wa tumatir aka ɗiga mai, abin alfaharin mutanen Kataloniya. Man zaitun kuwa ko'ina, tun da babu ƙasar da ta kai Sifaniya samar da shi a duniya.

Mai jin Larabci zai riƙa tsintar 'yan uwa a takardar. Zaitun su "aceituna" suke ce masa, daga az-zaituna, tushen da mu ma muka aro. Mai "aceite" ne, daga az-zait. Dunƙulen niƙaƙƙen nama "albóndiga", daga al-bunduƙa. Saura ne na zamanin da Musulmi suka yi mulki a sassan ƙasar daga 711 zuwa 1492.

Amma sunan Larabci ba shaidar halal ba ne, kuma a nan ne nake so mai karatu ya buɗe kunne. Alade shi ne sarkin nama a Sifaniya. Ƙafafun nan da za ka gani a rataye saman kanta, "jamón" ke nan, cinyar alade ce da aka shanya da gishiri. Chorizo alade ne, morcilla kuma da jini ake yin ta. Albóndigas ɗin nan mai asalin Larabci galibi da alade a gauraye. Mafi yaudara shi ne "pincho moruno", wato tsiren mutanen Magrib: kamarsa ɗaya da tsire, ga kayan ƙamshi, amma a yawancin shaguna naman alade ne. Croquetas, 'yan dunƙulen da ake soyawa kamar ƙosai, sau da yawa da gutsattsarin jamón a ciki, haka ma salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta Kurɗuba, a kanta ake barbaɗa shi. Wani abin mamaki, in ka ce ba ka cin nama, mai hidima na iya kawo maka abu da jamón da zuciya ɗaya, don a wurinsa kayan ɗanɗano ne kawai. Sai ka kama suna: "sin cerdo, sin jamón", wato ba alade, ba jamón. A tambaya kuma ko an zuba giya a miya, don suna dafa abu da ita. Abin sha ba matsala, akwai lemo, akwai "mosto", ruwan inabin da bai zama giya ba. Wanda zama a inda ake shan barasa bai kwanta masa ba, a Granada akwai shagunan halal da na shayi a Calle Elvira da Calderería Nueva, a gindin unguwar Albaicín inda aka buɗe babban masallacin birnin a 2003.

Da tapas ta tsallaka teku sai ta sauya kama. A 1993 mai girki José Andrés ya buɗe Jaleo a birnin Washington, yana cikin waɗanda suka sa Amurkawa suka san ta. Daga nan kowa ya ɗauka, har ka ga an rubuta tapas a kan girkin Japan ko na Indiya, ana nufin ƙananan farantai kawai. Inda aka haɗa da sunan Bahar Rum kuwa, yawanci an shigo da "meze" ne, wanda shi ne irin wannan cin a Turkiyya da Girka da Labanon: hummus, gasasshen yalon da aka dama da riɗi, ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki. Ga mai gudun alade, wannan ɓangaren takardar ya fi kwanciyar hankali.

Sai dai a irin wannan gidan abinci an zaunar da tapas a kujera, an shimfiɗa mata mayafin tebur, an cire yawon, an cire gyarar. Abin da mutumin Granada ke samu kyauta kan kofin lemo, a Landan sai an biya shi kuɗin abinci sosai, kuma ɗaya ba ya ƙosarwa. Mai hidima zai ce faranti biyu ko uku ga kowane mutum. Ku huɗu, faranti takwas zuwa goma sha biyu ke nan, kowanne da ɗan kuɗin da ba ya tsorata ido sai an haɗa. Gara a fara da huɗu ko biyar a tsakiyar tebur, a ga inda ciki ya tsaya, sannan a ƙara, tun da ba tare ake kawo su ba, wanda ya nuna shi ke fara fitowa.

In akwai pimientos de Padrón a takardar, a sa shi a zagayen farko. Ƙananan korayen tattasai ne daga yankin Galisiya, a soya a mai, a watsa gishiri mai tsakuwa, a kama ta hanci a ci. Yawancinsu lami ne, amma jefi-jefi akwai mai zafin gaske, kuma ido ba ya bambance su. Mutanen yankin har kirari suka yi musu: wasu da yaji, wasu babu.