Kakar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, 1957–58

Kakar wasanni ta 1957–58 ita ce wadda Wolverhampton Wanderers (Wolves) ta lashe gasar rukuni na ɗaya a Ingila, sai dai an fi tunawa da ita saboda hatsarin jirgin sama na birnin Munich. Ƙungiyoyi 22 ne suka fafata, kowacce ta buga wasa 42, kuma a wancan zamani maki biyu ake ba wadda ta yi nasara. Wolves, ƙarƙashin koci Stan Cullis da kyaftin Billy Wright, ta tara maki 64 tare da zura ƙwallaye 103, Preston North End na biye mata da maki 59.

Manchester United ta Matt Busby ce ke riƙe da kambun, domin ta ci gasar a 1956 da 1957 da matasan 'yan wasa waɗanda akasari ita ta raina. Ranar 6 ga Fabrairu, 1958, a hanyarta ta dawowa daga Belgrade inda ta yi kunnen doki 3–3 da Red Star a gasar Kofin Turai, jirginta ya tsaya shan mai a Munich, ya kuma yi hatsari yayin da yake yunƙurin tashi karo na uku. Mutum 23 ne suka rasa rayukansu, takwas daga cikinsu 'yan wasa, har da kyaftin Roger Byrne da Tommy Taylor da Duncan Edwards, wanda ya yi jinyar kwana 15 kafin rai ya yi halinsa. Busby kansa ya ji mummunan rauni, sai mataimakinsa Jimmy Murphy ya ja ragamar ƙungiyar, wadda ta ƙare a matsayi na tara.

Abin mamaki, tawagar Manchester United da aka harhaɗa cikin gaggawa bayan hatsarin ta kai wasan ƙarshe na Kofin FA a Wembley, inda Bolton Wanderers ta doke ta da ci 2–0. Nat Lofthouse ne ya ci ƙwallayen biyu, kuma har yau ana muhawara kan ta biyun, domin ya banke gola Harry Gregg ne har cikin raga.

Sunderland ta faɗa rukuni na biyu a karon farko tun shigarta gasar a 1890, tare da Sheffield Wednesday, yayin da West Ham United da Blackburn Rovers suka maye gurbinsu. Bayan wannan kaka ce kuma aka daina raba rukuni na uku zuwa shiyyar Arewa da ta Kudu.