Gwajin ciki a gida bayan barin tsarin iyali: wane tsinke za ki saya, kuma yaushe za ki tsoma shi?

Da zarar mace ta cire ashanar hannu, ko ta ajiye ƙwaya, ko ta daina komawa karɓar allura saboda ita da maigida sun shirya samun ƙaruwa, sai lissafi ya fara. Kasala kaɗan, ko nono ya yi nauyi, ko zuciya ta tashi da safe, sai a aika kemis a sayo tsinken gwaji. A gwada yau, layi ɗaya, wato ba ciki. A sake jibi, layi ɗaya. Kuɗi na tafiya, hankali na tashi, har a fara zargin cewa maganin tazarar haihuwa ya lalata mahaifa. Mafi yawan wannan wahala daga ranar da aka zaɓa don yin gwajin take tasowa. Tsinke mai arha da aka tsoma a ranar da ta dace ya fi mai tsada da aka tsoma tun lokaci bai yi ba.

Ga dalili. Abu guda tsinken yake nema a cikin fitsari, wani sinadari da ake kira hCG. Jiki ba ya fara samar da shi ranar da aka sadu. Sai ƙwai ya haɗu da maniyyi, ya gangaro ta bututu, ya samu wuri ya maƙale a bangon mahaifa, sannan ɓangaren da zai zama mabiyiya ya fara fitar da shi. Wannan maƙalewar tana faruwa ne tsakanin kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Da farko sinadarin ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma yana ninkawa kusan duk kwana biyu zuwa uku. Wannan ya sa tsinken da ya nuna layi ɗaya ranar Litinin zai iya nuna biyu ranar Alhamis, kuma duk sau biyun gaskiyar abin da ya tarar ya faɗa. Wadda ta gwada mako ɗaya bayan saduwa kuwa ta zubar da kuɗinta ne, komai kyan abin da ta saya.

Idan kin ɗauki kwalin ko ledar, ki nemi wata lamba da ke ɗauke da mIU/ml a gefenta, wato ma'aunin ƙarancin sinadarin da tsinken ke iya kamawa. Yawancin tsinken da ake samu a kemis 25 ne a jikinsu. Akwai masu 10, waɗanda ake tallatawa da sunan gwajin wuri. Ƙaramar lamba ita ce ta fi kaifi, domin tana nufin tsinken zai kama sinadarin tun yana ɗan kaɗan. Mai 10 zai iya riga mai 25 da 'yan kwanaki, iyakar fifikonsa ke nan. Da zarar ranar al'ada ta wuce, kusan duk ɗaya suke. Shi kuwa rubutun nan na kashi 99 cikin ɗari da ake bugawa da manyan haruffa a kwali, daga ranar da al'ada ta ƙi zuwa yake aiki. Kafin wannan ranar ingancin yana raguwa da kowane kwana da kika riga.

Siga uku ake sayarwa. Akwai siririn tsinke da ake tsomawa a fitsarin da aka tara a gwangwani ko kofi, shi ne ya fi arha kuma irinsa asibitoci da yawa ke amfani da shi. Akwai mai gidan roba mai 'yar taga, wanda ake ɗiga masa fitsari da ɗan bututun da ke cikin ledar. Akwai kuma dogon nan da ake tarawa a gaban fitsari kai tsaye, har da mai allo da ke rubuta sakamako, irin na Clearblue da ake gani a manyan shagunan magani. A ciki duk aiki ɗaya suke yi. Mai allo ya raba ki da ƙura wa layi ido, amma tsadarsa ba ta nufin ya fi kaifi. Ga wadda ta bar tsarin iyali, wadda wataƙila za ta gwada sau biyu ko uku kafin al'adarta ta daidaita, shawararmu ita ce ta sayi siraran tsinke uku ko huɗu masu rajista maimakon mai tsada guda ɗaya.

Mai 10 ɗin ma yana da nasa ciwon kan. Akwai cikin da kan shiga ya fita tun bai zauna ba. Ba don gwajin wuri ba, mace za ta ɗauka al'adarta ce ta ɗan yi jinkiri. Wadda ta gwada da wuri sai ta ga layi na biyu mai dushi-dushi, ta yi murna, ta faɗa wa maigida, bayan kwana uku jini ya zo. Wannan yana faruwa sosai, ba laifin maganin da ta bari ba ne, kuma yawanci ba ya hana ɗaukar wani cikin. Amma ki san da haka kafin ki zaɓi yin sammako.

Babbar matsalar ita ce lissafin rana. Takardar cikin kwali tana cewa a gwada ranar da al'ada ta ƙi zuwa. To wadda ta shekara biyu a kan allura ba ta ga jini ba, wace rana ce tata?

Mai shan ƙwaya, jinin da kan zo kwana biyu ko uku bayan ta daina sha ba al'ada ba ce ta gaskiya, janyewar maganin ce ta kawo shi. Ƙwai na iya fita cikin makonni kaɗan bayan haka, kuma wata na farko da na biyu sukan yi tsawo ko gajarta. Ashanar hannu, Implanon ce ko Jadelle, da an cire ta ƙarfinta yana barin jiki cikin 'yan kwanaki, kuma ciki na iya shiga tun kafin a ga al'adar farko. Haka robar mahaifa mai jan ƙarfe: ita dama ba ta hana fitar ƙwai, saboda haka lissafin watan wadda ta cire ta bai rikice ba, har saduwar da aka yi 'yan kwanaki kafin cirewa ma tana iya zama ciki.

Allura ce ke da jinkiri, kuma ita ta fi sa mata kuka. Ta wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, ba ta barin jiki ranar da wa'adinta ya cika. Littafin jagoran tsarin iyali na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a matsakaici mace kan ɗauki ciki ne kamar wata 10 bayan allurar ƙarshe, ita kuma ta wata biyu, Noristerat, kamar wata 6. Wata za ta riga haka, wata za ta wuce shekara. Rashin ganin jini a wannan tsakanin ba shaidar ciki ba ne, kuma ba alamar cewa haihuwa ta tsaya ba ce. Yawan shekarun da aka yi ana karɓar allurar ma ba ya ƙara tsawon jiran.

Ga duk wadda ba ta san ranar al'adarta ba, ƙa'ida guda ce: ki ƙirga kwana 21 daga saduwar da kike zargi, sannan ki gwada. A wannan lokacin, in ciki ya shiga daga wannan saduwar, ko mai 25 zai kama shi. Matar aure da ke tare da mijinta kullum ba ta da rana guda da za ta ƙirga daga ita, sai ta riƙa gwadawa sau ɗaya duk mako uku ko huɗu har al'ada ta dawo, daga nan ta rubuta ranar a kalanda ko a waya, lissafi ya samu tushe. Wadda ta sha maganin gaggawa irin su Postinor-2 ita ma kwana 21 ɗin za ta bi, domin yana iya matsar da al'ada gaba ko baya. A sani kuma, ƙwaya, allura ko ashana ba sa canza sakamakon gwajin kansa, tunda babu hCG a cikinsu.

Wajen saye, ki duba ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar NAFDAC in a Najeriya kike. Ledar ta kasance a rufe ruf, ba huji. Yawancinsu an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30, alhali a bazarar Sakkwato ko Maiduguri zafi yana haura 40. Tsinken da ya kwana biyu a faranti cikin rana a tasha ko bakin kasuwa, ki bar wa mai shi kayansa. A gida ma kada a ajiye shi a banɗaki ko kusa da murhu. Wani abu kuma: akwai tsinken gane ranar fitar ƙwai, mai LH a jikinsa, kuma kamarsu ɗaya sak. Layi biyu a kansa ba albishir ba ne. Tunda kunya kan sa a aiki yaro ko maigida, ki rubuta masa hCG a takarda ya miƙa wa mai kemis.

Fitsarin farko bayan tashi daga barci shi ne ya fi kauri, da shi za ki gwada. In watan azumi ne, wanda kika yi lokacin da kika tashi sahur, kafin ki cika cikinki da ruwa da kunu. Idan dole sai da rana, ki riƙe fitsari kamar awa huɗu ba tare da yawan shan ruwa ba. Ki tara a mazubi mai tsabta, busasshe, wanda ba ragowar sabulu ko omo. Kada ki yaga ledar sai kin shirya. Ki tsoma gefen da kibiya ta nuna, kada fitsarin ya haura layin da aka rubuta MAX, domin in ya haura zai wanke sinadarin aikin. Daƙiƙoƙin da takarda ta faɗa kawai zai yi a ciki, sannan ki kwantar da shi a busasshen wuri. Mai gidan roba kuwa yawanci ɗigo uku ake sa wa a ƙaramin ramin, ba a tagar karatu ba. Ki duba agogo: yawanci minti 3 zuwa 5 ake karantawa, bayan minti 10 kuma a jefar.

Layin da ke wajen C shi ne shaidar tsinken ya yi aiki. In bai fito ba, gwajin ya lalace, ko da ɗayan ya fito, sai a ɗauki sabo. Layin T shi ne na ciki. In ya fito da launi a cikin lokacin da aka ɗiba, komai dusashewarsa, a ɗauke shi a matsayin ciki, a sake gwadawa bayan kwana biyu ko uku, ya kamata ya ƙara duhu. Amma layin nan mai kama da inuwa, marar launi, da ake gani bayan an koma an tono tsinken daga kwandon shara bayan awa guda, bushewar fitsari ce kawai.

Layi biyu ba tare da sabon ciki ba yana faruwa ga wadda ta yi ɓari ko ta haihu ba da daɗewa ba, saboda sinadarin kan ɗauki makonni kafin ya ƙare, da kuma wadda likita ya yi wa allurar hCG don neman haihuwa, wadda kan zauna a jiki har kusan mako biyu. Farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro ko na sanyi ba sa kawo haka. Gwajin gishiri, sukari ko man goge baki da ake yaɗawa a waya kuwa ba su da tushe ko kaɗan, na ruwan bilic ma har hayaƙi mai cutarwa yake tayarwa.

Idan layi biyu ya tabbata, a fara awon ciki kafin a cika mako 12, kada a jira sai ya fito fili kamar yadda aka saba. Ƙwayar folik asid ma ba sai an ga layi ake farawa ba, tun ranar da kika bar tsarin iyali ya kamata, maikrogiram 400 kullum, domin lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne a makonnin farko, kafin mace da yawa ta san tana da juna biyu. Mai sikila, ciwon suga ko farfaɗiya ta fara ganin likita, adadinta ya bambanta.

Tsinke ba ya faɗin inda cikin ya zauna. Layi biyu tare da ciwon mara mai tsanani, musamman gefe ɗaya, ko ɗigon jini, jiri, suma, ko ciwo a saman kafaɗa, na iya zama ciki a wajen mahaifa. Wannan na asibiti ne a wannan sa'ar, ko da tsakar dare, ba na kemis ko jiƙo ba. Haka wadda ta ga layi biyu alhali robar mahaifa na jikinta, ta je a duba ta da wuri.

In kuwa layi ɗaya kike ta gani, jini bai zo ba har wata uku bayan barin ƙwaya, ashana ko roba, ko kuma shekara ta cika daga allurar ƙarshe, ki koma sashen tsarin iyali da katinki a hannu. Za a iya yi miki gwajin hCG na jini, wanda ya fi na fitsari kaifi, ko hoton ciki, a kuma duba wasu dalilan kamar shayarwa, maƙoƙo ko sauyin nauyin jiki. Kada ki sha maganin sauko da jini kafin a yi wannan.