Waiwaye: Yadda Frankenmuth ya tashi daga ƙauyen manoma zuwa garin yawon iyalai

Frankenmuth ƙaramin gari ne a gaɓar kogin Cass, cikin gundumar Saginaw ta jihar Michigan a Amurka. Mazaunansa kimanin dubu biyar ne, amma baƙin da ke zuwa cin abinci da sayayya a kowace shekara sun kai miliyoyi. Duk wanda ya ga gine-ginensa masu rufi mai tsini da barandar katako cike da furanni zai ɗauka haka kakannin garin suka gina shi, alhali wannan siffa ba ta bayyana ba sai bayan garin ya haura shekara ɗari.

A shekarar 1845 ne mutum 15 suka taso daga yankin Franconia da ke arewacin Bavariya a Jamus, ƙarƙashin jagorancin Fasto August Craemer, bisa turowar Wilhelm Löhe, limamin cocin Lutheran na Neuendettelsau. Manufarsu ita ce su kafa al'ummar Kirista wadda za ta yi wa ƙabilar Chippewa, 'yan asalin yankin, wa'azi, sai dai aikin bai yi nisa ba, domin cikin 'yan shekaru akasarin 'yan ƙabilar sun bar yankin. Baƙin suka dukufa kan noma, suka gina cocin St. Lorenz, kuma Jamusanci ya ci gaba da zama harshen gida da makaranta da ibada har yaƙe-yaƙen duniya biyu suka rage masa ƙarfi.

Abin da ya fara jawo baƙi shi ne naman kaza. Masaukan matafiya na garin, wato Exchange Hotel da aka buɗe a 1856 da na iyalin Fischer da ya biyo baya a 1888, sun yi suna wajen jera soyayyar kaza da dankali da miya a manyan kwanuka a tsakiyar tebur, kowa ya ɗiba gwargwadon cikinsa, kamar yadda ake ci a gida. Iyalin William Zehnder suka sayi na farko a ƙarshen shekarun 1920, suka haɗa da na biyu a 1950. Da kasuwa ta ja baya a ƙarshen shekarun 1950, ɗansa William, wanda ake yi wa laƙabi da Tiny, da matarsa Dorothy suka yi kasadar sake fasalin tsohon masaukin Fischer da salon ginin tsaunukan Bavariya, suka raɗa masa suna Bavarian Inn. Shagalin buɗe shi a 1959 shi ne ya zama bikin Bavariya da garin ke yi duk shekara, kuma da sauran 'yan kasuwa suka ga riba sai suka bi sahu. Babbar hanyar I-75, wadda ta bi ta kusa da garin, ta sauƙaƙa wa ma'aikatan masana'antun mota na Detroit da Flint kawo iyalansu a ƙarshen mako.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: salon da aka zaɓa na kudancin Bavariya ne, ba na Franconia ba inda kakannin suka fito. Duk da haka ban ga dalilin kiran garin na jabu ba, tunda jikokin waɗanda suka share dajin ne suka yanke shawarar, kuma da ita suka hana garinsu mutuwar da ta sami ƙauyukan noma da dama a wannan yanki.

A ɓangaren sayayya babu kamar kantin Bronner's. Wally Bronner ya fara da rubuta allunan talla a 1945, daga baya ya koma sana'ar kayan adon Kirsimeti, ya kuma ƙaura zuwa wurin da kantin yake yanzu a 1977. Ana buɗe shi kwana 361 a shekara, mutum sama da miliyan biyu na ziyartarsa, kuma ko a tsakiyar zafin Yuli za ka tarar da ma'aikata zaune suna rubuta sunayen yara da fenti a jikin ƙwallayen ado.

Sauran abubuwan sun zo ne sannu a hankali, kusan duka don yara da iyayensu. An gina hasumiyar ƙararrawa a 1967, inda mutum-mutumi ke fitowa suna nuna tatsuniyar Jamusawa ta mai sarewar garin Hamelin, sannan aka kammala gadar katako mai rufi a kan kogin Cass a 1980. Rukunin shagunan River Place na sayar da cuku da alewa da kayan wasa. Da yake hunturun Michigan mai tsanani ne, sai aka gina wuraren wasan ruwa a cikin gini, a Bavarian Inn Lodge da aka buɗe a 1986 da kuma Splash Village na 2005, domin kada ciniki ya tsaya idan ƙanƙara ta sauka. Har yau gidajen abincin nan biyu suna fuskantar juna a kan babban titin garin, kowanne a hannun wani reshe na zuriyar Zehnder, kowanne da kamfaninsa daban.